Yadda Birnin Reykjavik Ya Raba Yaransa da Kwalba

A ƙarshen shekarun 1990, duk wanda ya ratsa tsakiyar birnin Reykjavik a daren Juma'a sai ya ci karo da gungun yara matasa suna tangaɗi, kwalabe a hannu. Reykjavik shi ne babban birnin Ayislan, tsibirin nan na arewacin tekun Atalantika wanda mutanensa duka ba su kai rabin miliyan ba. Binciken da aka yi a 1998 ya nuna kashi 42 cikin ɗari na yara 'yan shekara 15 zuwa 16 sun bugu da giya a watan da ya gabaci binciken. Zuwa 2016 adadin ya faɗo kashi 5. Masu zuƙar taba kullum sun ragu daga kashi 23 zuwa 3.

Kafin wannan sauyi an sha yi wa yara gargaɗi a makarantu kan illar giya, amma maganar tana shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Sai wasu masu bincike, cikinsu har da Inga Dóra Sigfúsdóttir, suka koma wurin yaran da tambayoyi. Aka riƙa raba musu takarda a aji, ba a rubuta suna. Sau nawa kake zama da iyayenka? Sun san inda kake da dare? Sun san abokanka? Me kake yi bayan an tashi daga makaranta? Amsoshin suka nuna abu guda: yaron da ke yawan zama da iyayensa, yana da wasa ko wani fanni da yake zuwa sau uku ko huɗu a mako, kuma ba ya kai dare a waje, da wuya ka same shi da kwalba.

A nan majalisar birni ta shigo da kuɗinta. A 2007 Reykjavik ta fito da katin tallafi ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 18. Ba a damƙa wa kowa kuɗi a hannu. Iyaye ne za su shiga intanet, su zaɓi ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ko wurin koyon iyo, ko makarantar kiɗa ko rawa, kuɗin ya wuce kai tsaye can. A 2016 rabon kowane yaro krona 35,000 ne a shekara, daga baya aka ƙara. Ka tuna a watan Disamba hasken rana a wannan birni bai wuce awa huɗu da ɗan ɗoriya ba. Yaron da ya taso daga makaranta cikin duhu da sanyi, in babu zauren wasa mai ɗumi da koci na jiransa, ina zai nufa? Katin ya sa ɗan mai ƙaramin ƙarfi ya sami gurbi a fili ɗaya da ɗan mai hali.

Iyaye ma an ɗora musu nasu nauyin. Dokar ƙasar ta hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawo a waje bayan ƙarfe 10 na dare, sai dai a watannin da rana ke daɗewa, inda aka sassauta zuwa 12. A unguwanni da dama iyaye kan haɗu su zaga tituna da daren ƙarshen mako. Ba kama kowa suke yi ba, in sun ga yaro sai su yi masa magana cikin lalama ya koma gida, domin ɗa na kowa ne. A tarukan makaranta kuma sukan rattaba hannu kan yarjejeniya: ba za su saya wa yara giya ba, ba za su bar su su yi biki a gida babu babba ba. Tsakanin 1997 da 2012, yaran da suka ce suna yawan zama da iyayensu a ranakun mako sun ninka, daga kashi 23 zuwa 46. Dokar hana sayar da giya ga wanda bai kai shekara 20 ba, da haramta tallanta, suka zama katangar da ta kewaye wannan aiki.

Abin da ya sa ƙaramar hukuma ta zama ginshiƙi shi ne, sakamakon binciken yana komawa kowace makaranta da kowace gunduma cikin 'yan watanni. Shugaban makaranta da kansila da iyaye za su zauna su ga inda ruwa ke yoyo a unguwarsu, su toshe shi tun bai zama ambaliya ba. Amurka ma ta bi irin wannan tunani da dokar da ta kafa a 1997, wadda ke bai wa gamayyar al'umma tallafin da ya kai dala 125,000 a shekara, bisa sharaɗin a zauna tare da iyaye, matasa, makarantu, 'yan sanda, 'yan kasuwa da shugabannin addini, kuma al'ummar ta kawo nata kason.

Gaskiya ne shan giya tsakanin matasa ya ragu a ƙasashen Turai da yawa a wannan zamani, kuma Ayislan ƙasa ce ƙarama mai wadata. Duk da haka faɗuwar tata ta fi ta yawancinsu zurfi, abin da ya sa garuruwa a Chile da Kanada da Ostireliya suka ari tsarin a ƙarƙashin sunan Planet Youth. Darasin da na fi so kowane mai riƙe da kuɗin jama'a ya ɗauka shi ne: yaro ba ya rabuwa da kwalba don an tsorata shi. Yana rabuwa da ita ne idan da yamma akwai inda ake jiransa, da dare kuma akwai wanda zai tambaya ina yake. Kuɗin da aka kashe wajen samar da waɗannan biyun shi ne ya yi aiki a Reykjavik.