Kwashe Gubar Dalma A Zamfara: Darasi Ga Jihar Kano

Idan ba a manta ba, a watan Maris na 2010 ne jami'an ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano cewa ƙananan yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Bincike ya tabbatar da cewa gubar dalma ce, wadda ke cikin duwatsun da ake haƙowa domin neman zinari. Ana niƙa duwatsun a cikin gari, ana shanya garinsu a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ƙurar kuwa tana shiga abinci. Aƙalla yara 400 ne suka riga mu gidan gaskiya.

Likitoci sun bayyana tun da farko cewa magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma cikin ƙasar da ta sa masa cutar. Dole sai an fara tsabtace gari. Daga tsakiyar 2010 zuwa farkon 2011, kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith na Amurka, tare da hukumomin jihar, sun yi aikin a ƙauyuka 7, ciki har da Dareta da 'Yargalma da Abare. Ana kankare saman ƙasar gida, a kai ta ramin da aka tanada a binne, sannan a zuba sabuwa.

Abin lura a nan shi ne, ba a yi aikin a bayan idon masu gari ba. Sarakuna da hakimai ne suka sa baki aka fitar da injinan niƙan dutse zuwa bayan gari. Samarin ƙauyukan ne aka ɗauka aikin kwasar ƙasa. Kasancewar baƙon namiji ba ya kutsa kai gidan da matan aure suke, sai da yardar maigida aka shiga, aka kuma sa mata cikin aikin wayar da kan iyaye.

Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta yi ta jiran tsammani har sai da matasan shirin Follow The Money da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka matsa lamba, kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi a farkon 2013, aka kammala aikin a shekarar. A 2022 MSF ta miƙa ragamar kula da yaran ga hukumomin jihar. Sai dai mutuwar yara 28 a yankin Shikira ta Jihar Neja a 2015 ta nuna ba a ɗauki darasin a ko'ina ba.

To, me ya shafi Kanawa? Shekara da shekaru ke nan masana'antun jimar fata na Challawa da Sharaɗa ke zubar da ruwa mai sinadarai masu guba a kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano ya gangara Wudil. Manomin rani yana ban-ruwa da shi, kayan lambun kuma suna iya kaiwa har tukunyar mai cefane a Gaya ko Kademi ko Ajingi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka, duk shirin da gwamnati za ta yi na tsabtace waɗannan wurare, wajibi ne a zauna da dagatai da limamai da manoma da mata tun daga farko, a riƙa bayyana musu sakamakon gwajin ruwa da ƙasa da harshen da suke ji, a kuma faɗi nawa aka ware da inda aka kashe. Allah Ya kare mana zuriya.