Masu Tonon Kufai a Amurka: Me Suke Cetowa, Me Suke Shafewa?

A filayen jihohin Nebraska da Kansas da Montana, da cikin dazuzzukan Vermont da New Hampshire, akwai dubban wuraren da iyalai suka taɓa zama suna noma, daga baya suka watse. Abin da ya rage a yawancinsu bai wuce ramin ɗakin ajiya da rijiyar da ta rufta da tsohuwar bishiyar tuffa ba. Irin waɗannan kufai ne suka zama wurin yawon wasu mutane masu ɗauke da na'urar gano ƙarfe. Ba 'yan haƙar ma'adinai ba ne, ba kuma ma'aikatan gidan tarihi ba. Ma'aikata ne da manoma da 'yan fansho da ke fita ranar hutu, su yi ta lilo da na'ura a kan ƙasa, in ta yi ƙara su durƙusa su tona. Su a wurinsu abin ɗebe kewa ne. Masana binciken kufai kuwa sun daɗe suna kallon lamarin da damuwa, ko da yake a cikinsu ma ra'ayi ya rabu.

Yadda kufai suka yi yawa

Ranar 20 ga Mayu, 1862, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar rabon filaye da ake kira Homestead Act. Dokar ta ba magidanci eka 160, wato kimanin hekta 65, bisa sharaɗin ya gina gida, ya noma filin, ya zauna a kai shekara biyar. Kafin a rufe shirin a 1976 (Alaska kaɗai aka ɗaga wa ƙafa zuwa 1986), an mallaka wa mutane kusan miliyan 1.6 filaye masu faɗin eka miliyan 270, kusan kashi goma cikin ɗari na ƙasar. Filayen nan na ƙabilun asalin ƙasar ne da aka kora da yaƙi ko da yarjejeniyar tilas. Da dama daga cikin waɗanda suka nemi fili ba su kai ga samun takardar mallaka ba. Fari da fara da tsananin sanyi da bashi sun kori da yawa, sannan guguwar ƙura ta shekarun 1930 ta ƙarasa wasu.

A arewa maso gabashin ƙasar watsewar ta riga haka. Tun a ƙarni na 19 manoma suka bar gonakinsu masu duwatsu suka nufi yamma ko garuruwan masaƙu, daji ya dawo ya rufe gidajen. Bayan haka tarakta ta zo, manyan gonaki suka haɗiye ƙanana. A 1935 Amurka na da gonaki miliyan 6.8, yau kuwa kusan miliyan biyu suka rage. Kusan kowace gonar da ta ɓace ta bar kufai a bayanta.

Abin da ya yaɗa sha'awar

Dalili na farko shi ne na'urar kanta. Tun a 1881 Alexander Graham Bell ya gwada wata irinta don neman harsashin da ke jikin Shugaba James Garfield, bai dace ba. A Yaƙin Duniya na Biyu wani hafsan sojan Poland, Józef Kosacki, ya ƙera ta gano nakiya, aka yi aiki da ita a El Alamein a 1942. Amma waɗannan masu nauyi ne. Sai da kayan lantarki suka ƙanƙance a shekarun 1960 kamfanoni irin su Garrett, wanda aka kafa a Texas a 1964, suka fara sayar da wadda mutum zai rataya a hannu ya yini da ita. Ta yanzu, da 'yan ɗaruruwan daloli ake saye, kuma tana iya bambance baƙin ƙarfe da tagulla da azurfa tun kafin a tona.

Na biyu, gano kufan ya zo da sauƙi. A da sai an tambayi tsofaffin gari. Yanzu takardun rabon filaye na gwamnatin tarayya suna kan intanet, haka ma taswirorin gundumomi na ƙarni na 19 masu nuna kowane gida da sunan mai shi. Mutum zai ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan'adam ya ga inda gida ya taɓa tsayawa a tsakiyar gonar masara. Akwai kuma hoton da jirgin sama ke ɗauka da hasken leza, wanda ke ratsa ganyen itatuwa ya fito da ramin ɗaki da katangar duwatsu a cikin kurmi.

Na uku shi ne allon kallo. A 2012 tashoshin talabijin na Amurka suka fara shirye-shirye biyu, Diggers da American Digger, masu nuna tono da ƙiyasta kuɗin abin da aka samu, har ƙungiyoyin masana binciken kufai suka rubuta takardun ƙorafi. YouTube ya ɗora daga nan. Labaran dace suna ƙara zuga mutane: a 2013 wasu ma'aurata a Kalifoniya sun ci karo da gwangwanaye a filinsu ɗauke da sulallan zinariya 1,427, waɗanda aka ƙiyasta a kan dala miliyan goma. Irin wannan ba ya faruwa sai jefi-jefi, amma shi ne labarin da ke sayar da na'ura.

Na huɗu bai shafi kuɗi ba. Jama'ar da ta bar ƙauye ta koma birni tana marmarin taɓa abin da kakanninta suka taɓa. Ga wanda ya yi ritaya kuma, tafiya ce a fili da motsa jiki da samun abokan hira.

Abin da ke fitowa daga ƙasa

Wanda ya shiga don arziki ba ya daɗewa. Mafi yawan abin da ake tonowa ƙusoshi ne, da guntun waya, da murfin kwalba, da gwangwani. Cikin tarkacen ne ake tsintar maɓallin riga, kan ɗamara, cokali, kwaɗo da makulli, ƙarfen linzami, takalmin ƙarfe na doki ko na shanun huɗa, da kan fitilar kananzir. Sulalla su ne abin alfahari: manyan kwabban tagulla da aka daina bugawa a 1857, da kuɗin azurfa na Sifaniya da aka ci kasuwa da su a Amurka har zuwa wannan shekarar, da sulallan da aka buga kafin 1965, lokacin da kashi 90 cikin ɗari na jikinsu azurfa ne. Manomin da ke fama da bashi ba shi da abin binnewa. Abin da ya bari shi ne abin da ya faɗo daga aljihunsa ko ya karye a hannunsa.

Ɓangaren amfani

Masu wannan sha'awa suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Kufai sun fi ƙarfin masana. Babu jami'a ko hukumar da ke da kuɗin binciken ko da ɗaya cikin ɗari. Yawancinsu suna cikin gonakin da garma ke juyawa kowace shekara, takin zamani yana cin tagulla, wasu kuma gine-gine da tituna na hawa kansu. Maɓallin da ba a ɗauka yau ba, ƙila nan da shekara talatin ya zama tsatsa. Na'urar ma ba ta jin sulai in ya wuce zurfin taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi, wato ƙasar da garma ta riga ta hautsina.

Ƙwarewarsu kuma ta tabbata a aikace. Bayan gobarar daji ta cinye ciyawar filin yaƙin Little Bighorn a 1983, masana ƙarƙashin Douglas Scott da Richard Fox suka gayyaci masu na'ura 'yan sa-kai a 1984 da 1985. Duk kwanson harsashin da aka gano sai an auna wurinsa an sa a taswira. Da aka duba tabon da kowace bindiga ke bari a jikin kwanso, aka bi sawun bindigogi ɗaya bayan ɗaya a filin, aka sake fahimtar yadda yaƙin 1876 ya gudana. A Montpelier, gidan gonar Shugaba James Madison a Virginia, tun 2012 ake horar da masu na'ura su yi aiki tare da masana. Ta haka aka gano wuraren zama da na aikin bayi a cikin daji, waɗanda babu takardar da ta ambace su.

Ɓangaren hasara

Waɗannan misalai biyu su ne kuma ke nuna inda matsalar take. Abin da ya ba kwanson Little Bighorn daraja shi ne an san inda kowanne ya faɗi. A kufan manomi ma haka ne. Ƙusa mai kusurwa huɗu tana nuna gini na kafin wajajen 1890, zagayayyiya ta waya kuma na bayan nan. Yadda ƙusoshi suka warwatsu yana zana girman ɗaki da wurin garke. Inda cokula da maɓallai suka taru nan ne madafa ko wurin wanki. Mai tono don nishaɗi yakan saita na'urarsa ta yi watsi da baƙin ƙarfe, ya tsince sulalla da maɓallai, ya zubar da ƙusoshin da ya tono bisa kuskure. Ya tafi da abin da ke faɗin shekarun wurin, ya hargitsa abin da ke faɗin fasalinsa. Tono sau ɗaya ake yin sa. Wanda ya tona bai rubuta ba kamar almajirin da ya wanke allo ne kafin ya haddace.

Hasarar ta fi nauyi saboda su wane ne mazauna wuraren. Shugabanni da attajirai sun bar wasiƙu da littattafai. Baƙin haure daga Jamus da Norway, da matan da suka karɓi fili su kaɗai, da 'yantattun bayin da suka kafa garuruwa irin su Nicodemus a Kansas a 1877, da yawansu ba su bar komai a rubuce ba sai suna a takardar fili. Me suka ci, me suka saya daga kanti, me suka gyara suka sake amfani da shi, amsar tana cikin juji da tsakar gidansu. In kayan suka ƙare a akwatin wani, ya rasu magada suka sayar a intanet, sun zama tarkace marasa asali.

Doka ta rufe gefe guda, ta bar ɗaya

A filayen gwamnatin tarayya dokar Amurka tana da tsauri. Dokar kare kayan tarihi ta 1979 ta hana tono ko ɗaukar abin da ya kai shekara 100 ba tare da izini ba, hukuncin kuma ya haɗa da tara da ɗauri da ƙwace na'ura har da mota. A wuraren tarihi da gandun dajin da hukumar kula da su ta ƙasa ke riƙe da su, amfani da na'urar ma laifi ne. Kufai da yawa suna ƙarƙashin wannan kariya, domin gwamnati ta saye gonakin da suka gaza a shekarun 1930. Amma a filin mutum, izinin mai fili ya wadatar, in ban da kaburbura da dokokin jihohi suka kare. Tsintuwa ba sata ba ce, kuma babu wanda ya wajaba a sanar. Ba a san abin da aka ɗebe ba, balle a auna hasarar.

Ingila da Wales sun bi wata hanya. Dokar taska ta 1996 ta wajabta kai rahoton tsohuwar zinariya da azurfa da tarin sulalla cikin kwana 14. In gidan tarihi na so ya biya kuɗin kasuwa, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai fili. Haka aka yi da taskar Staffordshire ta 2009, wadda aka biya fam miliyan 3.285. Waɗanda suka ɓoye taskar Herefordshire kuwa an ɗaure su a 2019. Ga ƙananan kaya, tun 1997 akwai jami'ai a yankuna da ake kai musu don raɗin kai, su ɗauki hoto, su rubuta wurin, su mayar wa mai shi. An rubuta kaya fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma masu bincike suna aiki da rumbun. Tsarin bai hana ɓarayin dare ba, wasu masana kuma suna ganin ya halatta kwasa. Duk da haka ya bar shaida a inda Amurka ba ta da komai.

Inda abin ya shafe mu

Na'urar ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Da ita aka yi rububin zinariya a hamadar Sudan, da ita aka cika Jado a arewacin Nijar a 2014. Ƙasarmu kuma cike take da kufai, daga Surame da Alkalawa zuwa Birnin Gazargamu, ban da ƙauyukan da fari ko rashin tsaro ya tayar. Kaburburan Durɓi Takusheyi a Katsina sun nuna akwai kayan tagulla da na zinariya a ƙarƙashin ƙasar Hausa. Mun kuma ga abin da tonon haram ya yi wa gumakan Nok a Nijeriya da na Bura a Nijar, har suka shiga jerin kayan da ke cikin haɗari na ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya a 2000. Dokar Nijeriya ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, sai dai doka a takarda ba ta tsare kufai a daji.

Hukunci

In aka auna, na'urar ba ita ce mai laifi ba, domin ita ce ta yi aiki a Montpelier, ita ce kuma ke kwashe gonakin Kansas. Bambancin shi ne ko an rubuta me aka samu, a ina, tare da me. Hani zalla yana mayar da tono aikin dare, sakaci kuma yana share tarihin talaka ba tare da kowa ya lura ba. Kufan da garma ba ta taɓa ba ya kamata a bar shi sai masana sun zo. Wanda ke cikin gona kuwa, a bar mai sha'awa ya tona da izinin mai fili, bisa sharaɗin ya sa wurin a taswira ya kai rahoto, hukuma kuma ta tanadi wanda zai karɓa. Hukumomin tarihi a Abuja da Yamai suna da damar kafa irin wannan tsari tun kafin masu na'ura su juya daga neman zinariya zuwa kufai.