Ko Ka Sani? Ƙaramin Jirgin Yaƙin da Ya Afka wa Babba a Tekun Norwe

Masu zanen jiragen ruwa a Birtaniya sun sha zana wani al'amari guda: ƙaramin jirgi yana ci da wuta, hayaƙi baƙi ƙirin na tashi daga bututunsa, ya cusa gabansa a haƙarƙarin wani ƙaton jirgi a tsakiyar teku mai igiyar ruwa. Ƙaramin shi ne HMS Glowworm, babban kuwa Admiral Hipper na Jamus, ranar kuma 8 ga Afrilu, 1940. Wanda bai san ƙirar irin wannan jirgi ba zai ɗauka ganganci ne kawai ya kai shi. A ganina ƙirar jirgin ce ta tsara masa yadda zai yi faɗa, kuma zanen ya dace da gaskiyar abin.

Glowworm jirgi ne irin wanda ake kira distiroya, an saukar da shi ruwa a 1935. Nauyinsa kusan tan 1,350, bindigoginsa huɗu masu bakin milimita 120, jikinsa kuma ba shi da sulke. An hana shi sulke da gangan, domin nauyi zai rage masa gudu, shi kuwa gudu ne jarinsa: yana wuce kilomita 60 a sa'a. Makaminsa na gaske shi ne tofido, wato bam mai tafiya da kansa a ƙarƙashin ruwa, kuma yana da bututu goma na harba shi. Sai dai tofido ba ya samun jirgi mai motsi sai an matso kusa. Hipper ya ninka shi nauyi fiye da sau goma, yana da manyan bindigogi takwas masu milimita 203 da ke iya huda shi tun daga nesa. Don haka ƙaramin jirgi ba shi da wata dabara face ya tayar da hayaƙi ya ɓuya a ciki, ya matso, ya harba.

Haka kwamandansa Gerard Roope ya yi. Tun farko yana cikin masu raka babban jirgi Renown, sai wani matuƙi ya faɗa ruwa, aka bar Glowworm a baya yana nemansa. Shi kaɗai ya ci karo da jiragen Jamus da ke ɗauke da sojoji zuwa Trondheim don mamaye Norwe. Ya aika da rahoto ta rediyo, ya tayar da hayaƙi, ya harba tofido, babu wanda ya samu. Daga nan Glowworm da Hipper suka gwabza. Gaban Glowworm ya karye, shi kuma Hipper aka yage masa sulke na kusan mita 40 a gefe, ruwa kimanin tan 500 ya shige shi. Glowworm ya nutse, cikin mutum 149 da ke cikinsa 40 aka tsamo.

Akwai masu cewa zanen na ƙara gishiri, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Hafsa ɗaya tilo da ya tsira, Robert Ramsay, ya faɗa wa waɗanda suka cece shi cewa babu kowa a kan sitiyari lokacin karon, ke nan mai yiwuwa ba da niyya aka yi ba. Na yarda mai zane ba zai iya nuna abin da ke zuciyar Roope a wannan daƙiƙa ba. Amma jirgi ba ya tsintar kansa a ƙarƙashin hancin abokin gaba haka siddan. Wani ne ya zaɓi ya matso har ya kai tazarar da karo zai yiwu, bayan bindigogi sun riga sun rugurguza masa ɗakin tuƙi. Akwai ma hotunan da aka ɗauka daga kan Hipper suna nuna Glowworm yana gittawa ta gabansa cikin hayaƙi.

Wasu kuma na ganin ƙawata mutuwar mutum sama da ɗari a kan bango bai dace ba, tunda Hipper ya isa Trondheim duk da haka. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma inda nake ganin gazawar yawancin zanen shi ne sun tsaya a kan karon, sun bar abin da ya biyo baya. Kyaftin Hellmuth Heye ya tsayar da Hipper kusan sa'a guda a inda igiyar ruwa ke koro mutanen, matuƙansa suna jawo su jikinsu sharkaf da man jirgi. Roope kansa ya kama igiya, ƙarfinsa ya ƙare kafin ya kai sama, ya nutse. Heye ya rubuta wa Birtaniya ta hannun ƙungiyar Red Cross yana shaidar jarumtarsa, kuma wannan shaida ta abokin gaba, haɗe da bayanin Ramsay bayan ya dawo daga fursunancin yaƙi, ita ta sa aka ba Roope lambar jarumta ta Victoria Cross a 1945.