Tsohon injin wanki: ciniki uku a jikin ƙarfe guda

Yau a wannan fili za mu duba wata haja da ta fara samun gindin zama a kasuwanninmu, daga Katako ta Yamai har Agadas da garuruwan Kawar, wato tsohon injin wanki. Wasu na kiransa na hannu, wasu na gwanjo. Abin da ya sa muka ɗauko batun shi ne yadda muke jin kukan mata da suka zuba kuɗin adashinsu a kan injin da bai yi wata guda ba ya tsaya, da kuma masu ɓoye tsohon ƙarfe a ɗaki suna jiran Bature ya zo ya saya da miliyoyi.

Mutanen Bilma sun san cewa ramin gishiri guda na Kalala yana ba da haja biyu: beza na miya, da kantu na dabbobi. Wanda ya kai kantu wurin mai tuwo ya yi asarar tafiya. Haka tsohon injin wanki yake, masu sayensa uku ne, kuma kowane da abin da yake dubawa. Akwai mai tarawa don sha'awa, akwai mai wanki da shi, akwai ɗan gwangwan da ke ɗora shi a kan sikeli.

Masu tarawa don sha'awa

Gaskiya ne a ƙasashen Turawa akwai masu tara tsofaffin injunan wanki kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi. A garin Eaton na jihar Kolorado ta Amurka, wani tsohon malamin jami'a mai suna Lee Maxwell ya tara fiye da 1,000, har sunansa ya shiga littafin Guinness na abubuwan bajinta. A Jamus ma kamfanin Miele, wanda aka kafa a 1899, yana da gidan ajiye kayan tarihinsa a garin Gütersloh.

To amma me waɗannan mutane ke nema? Suna neman injunan farko-farko ne. Misali Thor, wanda wani kamfanin birnin Chicago ya fitar a 1908, yana cikin na farko da suka yi aiki da lantarki. Ko na kamfanin Maytag, wanda a 1915 ya haɗa wa injinsa ƙaramin inji mai shan fetur saboda manoman da ba su da wuta, a 1922 kuma ya fito da samfurin Gyrafoam mai tukunyar sanholo. Ko Bendix na 1937, wanda ya fara yin wanki da ɗauraya da matsewa shi kaɗai. Mai tarawa yana duba farantin suna da lambar da ke jiki, da fentin asali, da ko an canja wani abu. Idan aka yi masa sabon fenti ko aka sa masa motar wani inji, darajarsa ta faɗi a idonsa.

Irin waɗannan ba su ne ke zuwa mana ba. Abin da ke sauka a kasuwanninmu injuna ne na shekara 10 zuwa 20 da wani gida a Turai ko Libiya ya gaji da su, kuma an ƙera irinsu miliyoyi. Ko da an dace da na tarihin, kuɗin ɗaukar ƙarfe mai nauyin buhun hatsi daga Bilma zuwa bakin teku, sannan a sa shi a jirgi, zai iya cinye ribar tun ba a yi ciniki ba.

Mu tuna abin da ya faru a Saudiyya a 2009. Jita-jita ta bazu cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suna ɗauke da wani sinadari mai tsada da ake kira jan makuri. Mutane suka yi ta rububin saye da kuɗi masu yawa, har aka riƙa fasa shagunan teloli, daga baya hukuma ta fito ta ce damfara ce. Babu wani jan makuri a keken ɗinki, babu shi a dutsen guga na gawayi, babu shi a injin wanki. Duk wanda ya kira ku a waya ya ce yana da mai saye a waje amma sai kun fara aika kuɗin takarda, to ku kashe wayar.

Hanyar da kayan ke bi

Hanya biyu ce ke kawo mana wannan haja. Ta kudu, kayan Turai na sauka a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome da Legas. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyaka da Benin, manyan motoci da yawa suka koma bin Lome su ratso Burkina Faso, tafiya ta ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru. Ta arewa kuwa, kayan Libiya na fitowa daga Sabha su bi Gatrun da Tummo da Madama su sauka Dirku, wadda ke da nisan kamar kilomita 45 daga Bilma. Ƴan ci-rani masu dawowa gida su ne suka saba ɗauro firji da talabijin da injin wanki a saman mota tare da katifu da barguna. Daga nan zuwa Agadas akwai fiye da kilomita 500 na rairayin Tenere, babu kwalta.

Ba duk abin da ya sauka ne ke aiki ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 a kan tashoshin Legas ya nuna kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne ke shiga Najeriya a shekara, fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne, kuma mafi yawa ana cusa su ne a cikin motocin gwanjo. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba cikin Afirka, amma mataccen inji da aka rubuta wa "na hannu" yakan wuce. Shi ya sa wanda ya sayi kaya a rufe, ba gwaji, ya yi cinikin biri a sama.

Wanda zai yi wanki da shi

Ga uwargida ko mai sana'ar wanki da guga, tambaya guda ce: shin injin nan zai yi aiki da irin wutarmu da irin ruwanmu, kuma idan ya lalace akwai mai gyara shi a garin nan?

Injin Turai mai ƙofar gilashi a gaba yana da kyaun gani, amma an yi shi ne don gidan da famfo ke zuwa da ƙarfi dare da rana. Yana da abin ɗumama ruwa da ke jan wuta kusan wat 2,000, wanda ƙaramin janareto ko faifan hasken rana na gida ba zai ɗauka ba. Ƙwaƙwalwarsa ta lantarki ce, wuta na yin sama da ƙasa sai ta ƙone, kuma samun irinta sai an aika Yamai ko Kano. Nauyinsa yakan kai kilo 60 zuwa 70 saboda tubalin siminti da ke ciki don hana shi rawa. Gangarsa a rataye take a kan sifirin, kuma kamfani na ɗaure ta da wasu kusoshi na musamman kafin a yi tafiya da shi. Na gwanjo da wuya ya zo da kusoshin nan, don haka kwana biyu ko uku a bayan mota cikin Tenere sun isa su karya shi.

Bilma ba a haɗe take da babban layin wutar ƙasa ba, kuma ruwan wasu rijiyoyin Kawar yana da gishiri da kanwa. A irin wannan wuri, injin roba mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa, shi ne abokin tafiya. Da bokiti ake zuba masa ruwa, ba ya ɗumamawa, wutar da yake ja ba ta cika wuce wat 500 ba, agogonsa na murɗawa ne da hannu. Ruwan ɗaurayar fararen kaya ana iya wanke masu launi da shi, a ƙarshe a yayyafa a tsakar gida. Abin da ke lalacewa a jikinsa bai wuce bel da kondansa da agogo ba, kuma mai gyaran fanka zai iya canja su. A Amurka ma mutanen Amish, waɗanda ba sa jan wutar gari zuwa gidajensu, har yanzu suna neman tsohon Maytag mai matsewa da marfi biyu na roba, duk da kamfanin ya daina ƙera shi tun 1983. Dalilinsu shi ne abin da mutum zai iya kwancewa ya gyara da kansa.

Kafin ku biya, ku sa a kunna shi a gabanku da ruwa da kaya a ciki, aƙalla minti 15. Ku juya gangar da hannu, in kun ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, to boris ya tafi. Ku kwantar da shi ku duba ƙasa, ko akwai tsatsa ko alamar yoyo. Ku karanta farantin baya: wutarmu 220 ce, wanda aka rubuta wa 110 na Amurka ne, ana sa shi a soket zai ƙone. Ku taɓa motar bayan gwaji, in hannu bai iya zama a kai ba, ku bar shi. Sannan ku nemi sharaɗin kwana uku ko bakwai a gaban shaida. Dillalin da ya yarda da kayansa ba ya gudun wannan. In an kai gida kuma a sa mai aikin wuta ya haɗa masa wayar ƙasa, domin ruwa da lantarki a jikin tsohon ƙarfe sun sha yin kisa, kuma yara ne ke yawo babu takalmi a wurin wanki.

Ɗan gwangwan da sikelinsa

Idan inji ya mutu murus, saura mai saye na uku. Shi bai damu da suna ko shekara ba. Jan ƙarfen da ke naɗe cikin mota shi ne mafi tsada, sai sanholo da maƙeran Katako ke narkawa su yi tukwane da ludaya, sai baƙin ƙarfe a ƙarshe. Maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe ko sanholo, da shi za ku rarrabe. A lura kuma, wasu injunan araha na yanzu wayar motarsu sanholo ce da aka shafa wa jan launi, in an kankare ta da wuƙa sai a ga fari. Kada ku sayar da inji dunƙule kafin ku tambayi mai gyara, domin mota mai rai da famfon fitar da ruwa da agogo sun fi tsada a matsayin kayan gyara. Gangar ƙarfen da ba ta tsatsa tana yin murhun gawayi mai kyau. Ƙona waya don cire roba kuwa hayaƙinsa guba ne, a feɗe ta da wuƙa.

Wani likita ɗan Suwidin, Hans Rosling, ya ƙiyasta a 2010 cewa cikin mutum biliyan 7 na duniya a lokacin, biliyan 2 ne kawai ke da injin wanki. Sauran, mata ne ke duƙe a kan baho. Ke da ke fita kasuwa tun da safe ki dawo da magariba ki tarar da tulin wanki, kin fi kowa sanin abin da awa uku ke nufi. Saboda haka buƙatar gaskiya ce, kasuwar ma za ta ci gaba da girma. Kiranmu ga dillalai shi ne su ware mai aiki daga matacce, su faɗi gaskiyar kowane, su riƙa kawo bel da kondansa tare da injin. Mai saye kuma ya zo da mai gyaran da ya yarda da shi, ya biya shi ladan dubawa, ya fi a yi kukan kuɗin adashi daga baya.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kiyaye matafiyanmu a hanyar Tenere.