Baƙo Da Ciwon Sukari A Birnin Alƙahira

 

A cikin watan Rabi'ul Awwal na 1445, watau Satumba 2023, Allah ya nufe mu da komawa Alƙahira bayan shekaru masu yawa, muka sauka wurin wani abokin karatunmu na Azhar, wanda mu muka komo gida, shi kuwa ya yi zamansa can yana fatauci da tafinta ga masu zuwa neman magani. Gidansa yana Madinatu Nasr, a unguwar da ake kira Hayyul Ashir, inda baƙaƙen fata suke da yawa. Ba za mu ambaci sunansa ba, amma ya yarje mana mu ba da labarinsa, domin shekara goma sha biyar ke nan yana fama da ciwon sukari, har ta kai shi ga allurar insulin safe da yamma.

Mun tarar da gari ya cika da rumfunan alewar Maulidi. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba. Kowane lungu an kafa rumfa an ƙawata ta da fitilu, an jera alewar riɗi da ta gyaɗa da ta hummus, ga kuma 'yar tsana da doki na zallar sukari, waɗanda ake saya wa yara, al'adar da masu tarihi ke danganta ta da zamanin Faɗimiyyawa da suka kafa birnin a 969. A ranar da muka sauka, akwati uku na alewa muka ƙirga a ɗakin baƙinsa, duka kyautar maƙwabta. Ya dube mu ya yi murmushi ya ce, "Malam, ka ga gubar da masoya ke aiko mini."

Shekarar Bamasare, in ka lura, da zaƙi take farawa da zaƙi take ƙarewa. In Maulidi ya wuce sai azumi ya zo da kunafa da ƙaɗa'if masu iyo cikin ruwan sukari, a sha ruwa da ƙamaruddin da tsamiya mai zaƙi. Ranar Ƙaramar Salla kuwa ba gidan da za ka shiga ba a ajiye maka ka'ak ba, wani cincin mai man shanu da aka barbaɗe da garin sukari. Shayinsu ma sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Ba mamaki ke nan da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kimanin miliyan 11 ne ke da ciwon a Masar. Sai dai ɗan ƙasa yana iya ture faranti ya ce wa uwarsa ko ƙanwarsa ba ya ci, ba wanda zai ji haushi. Baƙo shi ne ke cikin tsaka mai wuya, balle Bahaushe da aka rena da kunya da kara, wanda yake ganin mayar da hannun kyauta baya abin kunya ne. Su kuwa Misirawa in sun sa ka gaba da rantsuwa sai ka ci, ba sa saurarawa.

Abokin namu ya ce shekara takwas ya yi yana ɓoye ciwon. Yakan ci abin da aka ba shi, ya koma gida ya ƙara magani da ka, ba shawarar likita. Azumi kuwa bai taɓa sha ba, don yana ganin ba daidai ba ne a ce wanda ya yi karatu a Azhar an gan shi yana shan ruwa da rana. Asirinsa ya tonu a azumin 2016, wanda ya faɗo a watan Yuni, lokacin da wunin Alƙahira ke kaiwa kusan sa'a 16. Ya yi allura da sahur, ya fita rakiyar wani majinyaci, bayan La'asar ya ji gumi mai sanyi da rawar jiki da jiri, ya ce bari ya daure tunda saura kaɗan. Bai san inda kansa yake ba sai a kantin wani mai sayar da magani, ana ɗura masa ruwan sukari. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maganar dattijon da ke gadin gidansu, mutumin Sa'id wanda bai yi karatu mai zurfi ba, da ya ce masa, "Ya Shaihu, Ubangiji ya yi maka kyauta ka mayar masa?"

To, wannan dattijo ya faɗi fiƙihu tsantsa. Ayoyin azumi na Suratul Baƙara, ta 184 da ta 185, sun haɗa majinyaci da matafiyi cikin rangwame guda, ga shi kuwa abokinmu sau da yawa yakan haɗa siffofin biyu a jikinsa. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa wanda ya ji tsoron ƙaruwar cuta ya halatta ya sha, wanda kuwa ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa. A 2009 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yi zamanta na 19 a Sharja, ta saurari likitoci, sa'an nan ta kasa masu ciwon sukari kashi huɗu gwargwadon haɗarinsu. Kashi biyu na farko, waɗanda suka haɗa da mai yawan faɗuwar sukari da mai wankin ƙoda, aka hukunta su sha. Sauran biyun, waɗanda ciwonsu ya lafa da abinci ko ƙwaya mara haɗari, su yi azuminsu. Likitoci kuma sun sa iyaka a fili: in awon jini ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, a karya azumi nan take, ko da saura minti goma a kira salla. Tsaga yatsa don awo ba ya karya azumi, haka ma allurar insulin a wurin akasarin malaman zamani, tunda ba abinci ba ce.

Kada mai karatu ya zaci abokinmu kaɗai ne mai wannan taurin kai. An yi wani bincike a ƙasashe 13 masu Musulmi da yawa, har da Masar, aka buga shi a 2004, aka tarar kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu na ciwon, da kashi 43 na masu nau'i na farko, sun azumci aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar sukari ta ninka sau da yawa a cikin watan. Mu malamai muna da namu laifin a nan, domin mun fi yawaita wa'azin falalar azumi bisa bayanin wanda aka ɗauke masa.

Akwai kuma wata mas'ala da ta ɗaure masa kai, wadda duk mai zaman baƙunci zai iya karo da ita. Da likita ya hana shi azumi gaba ɗaya, limamin unguwarsu ya ce masa ciyarwa wajibi ce, alhali shi ya san a Risala an ce mustahabbi ce ga tsohon da ya kasa, mudu guda na Annabi a kowace rana. Duka biyu daidai ne, kowa a mazhabarsa, gama Shafi'iyya da Hanafiyya, waɗanda suka fi rinjaye a Alƙahira, wajabtawa suke yi. Shi dai ya zaɓi ya ciyar, yana kai nasa ga teburan buɗa baki da ake shimfiɗawa a tituna, waɗanda suke kira Mawa'idur Rahman.

Bikin da ya fi tsoro, abin mamaki, ba na zaƙi ba ne. Shi ne Shammun Nasim, bikin bazara da ake yi ran Litinin mai bin Istar Kibɗawa, Musulmi da Kirista kowa ya fita lambu da iyalinsa. Abincin ranar fasikh ne, kifin da aka jiƙa cikin gishiri har ya yi wari. Mai hawan jini, wanda abokin tafiyar sukari ne, ba shi da rabo a ciki, ban da haɗarin guba, domin a 1991 mutum 18 suka mutu a Alƙahira saboda shi. Yanzu yakan fita tare da maƙwabtansa, ya ci dafaffen ƙwai da latas, ya bar musu kifinsu.

Tafiya ita ma sai da ta koya masa darasi. Wata shekara ya bi jirgin ƙasa zuwa Ɗanɗa, kimanin kilomita 90 arewa da Alƙahira, don ganin taron Sayyid Ahmadul Badawi da ake yi a watan Oktoba. Ba mu shiga saɓanin malamai kan irin waɗannan tarurruka a yau ba. A cikin turmutsitsin ya tuɓe takalmi, wani abu ya yanke shi a tafin ƙafa, bai ji ba sam, saboda ciwon yana kashe jijiyoyin ƙafa. Sai bayan kwana uku ya ga safa ta ɓaci. Wata biyu yana jinya yana shafa a kan bandeji wurin alwala, da kyar aka ceci yatsan. Tun daga ranar ba ya kwanciya sai ya duba ƙafafunsa da madubi. Misirawa suna yi wa wanda ya yi wahalar banza ba'a da cewa ya fito daga maulidi ba hummus, shi kuwa ya ce ya fito da hummus ɗin, ƙafa ce ya kusa barowa.

In zai zo gida, insulin ɗinsa a jakar hannu yake, tare da takardar likita da dabino bakwai don ko-ta-kwana, ba ya yarda a sa shi cikin kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuwa takan yi kamar mako huɗu in ba ta sha zafi ba. Mun zo daidai lokacin da ake ɗauke wuta a Masar kullum, sai muka ga ya naɗe kwalbar a leda ya sa cikin tulun ƙasa mai ruwa, dabarar da ya ce a ƙauyensu ya gani wurin wata gwaggonsa.

Daren da za mu taso, matar maƙwabcinsa ta aiko ɗanta da faranti a rufe. Muka zaci akwati na huɗu ne. Da aka buɗe sai ga gasasshen hummus ba sukari, da kokwamba, da cuku mara gishiri. Yaron ya ce, "Mama ta ce wannan na Ammu ne, alewar kuwa a ba baƙonsa ya kai wa yara Nijeriya."