Tseren Mota a Kwamfuta: Tallafin Na'ura da Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Koyon Tuƙi

Daga gidajen gem na birnin Sakkwato har zuwa wayoyin samari a Tambuwal da Kebbe da Fakku, wasan tseren mota ya samu karɓuwa. Wasu daga cikin wasannin nan, irin su Gran Turismo wanda ya fara fitowa a Japan a 1997, an tsara su ne don su kwaikwayi ainihin halayyar mota a kan hanya. Kafin a soma tsere, akan ba ɗan wasa zaɓi: ko na'ura ta tallafa masa, ko ya tuƙa da kansa. Wannan zaɓi ya daɗe yana jawo gardama tsakanin 'yan wasa, amma ilmin halittu yana da abin cewa a kai.

Mene Ne Tallafin?

Tallafin iri-iri ne. Akwai layin da ake shatawa a kan hanya, mai sauya launi idan lokacin taka birki ya yi. Akwai giya mai sauya kanta. Akwai na'urar da ke rage totur idan taya ta soma sulɓi. Sai kuma ABS, wadda ke saki da kama birki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya don kada taya ta cije. Ita ABS daga motocin gaske aka aro ta, domin kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus sun fito da irinta ta zamani tun 1978. Gardamar ma ba a wasa ta tsaya ba. Hukumar gasar Formula 1 ta haramta na'urar hana sulɓi a 1994, ta halatta ta a 2001, ta sake haramta ta a 2008, don a ga gwanintar direba.

Abin da Ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa

A wajen ƙeya akwai wani sashe da ake kira ƙaramar ƙwaƙwalwa. Girmansa bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa ba, amma yana ɗauke da fiye da rabin ƙwayoyin jijiyarta. Aikinsa shi ne gwada abin da mutum ya yi niyya da abin da ya auku. Idan ɗan wasa ya taka totur fiye da kima a kwana, mota ta juya, wannan sashe zai riƙe kuskuren ya gyara umurnin da za a aika wa tsoka a karo na gaba. Da haka ne yaro ke koyon keke, mace ke koyon daka ba tare da taɓarya ta kauce wa turmi ba. Wato kuskure shi ne malamin. To, idan na'ura ta gyara shi tun kafin ya bayyana, ƙwaƙwalwa ba ta samu darasi ba ke nan.

A 1984 masana uku, Salmoni da Schmidt da Walter, sun yi bitar gwaje-gwaje masu yawa kan koyon motsin jiki. Sun nuna cewa wanda ake yi wa jagora a kowane mataki yakan yi kyau lokacin horo, amma da an janye jagorar sai aikinsa ya lalace, saboda ya dogara da ita. Haka ɗan wasan da ke bin layi mai launi yake: layin ya koya, ba hanyar ba.

Duk da haka, kashe tallafi gaba ɗaya rana guda ba dabara ba ce. Sabon shiga da motarsa ke juyawa a kowace kwana ba ya gane wanne daga cikin kurakuransa ne sanadi, sai ya gaji ya bari. Abin da ya fi shi ne a janye tallafin ɗaya bayan ɗaya: layin farko, sannan giya, sannan na'urar totur. Sannu ba ta hana zuwa. Malamai ma sun san wannan, domin ɗalibin da kullum ake warware masa lissafi a allo yakan rikice ranar jarrabawa.

Daga Allo Zuwa Hanya

Wasa yana iya koyar da tuƙi har wani matsayi. Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ya ci gasar GT Academy ta kamfanonin Nissan da Sony a 2011, kuma a 2013 motarsu ta zo ta uku a rukuninta a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Sai dai horo mai tsanani aka ba shi cikin motar gaske kafin nan. Dalili kuwa, a can cikin kunne akwai gaɓoɓin da ke jin juyi da tangaɗi, kuma wanda ke zaune gaban allo ba ya motsa su.

A nan ne ya kamata matasa su yi hattara. Mutum kan ɗauki kimanin rubu'in daƙiƙa kafin ya motsa a kan abin da ya gani, ko da yana jiransa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega takan ci kusan mita 7 a wannan ɗan lokaci. A kan kwalta ABS kariya ce, ba abin kunya ba, ko da yake a kan yashi da tsakuwa takan tsawaita nisan tsayawa. Galibin baburan da 'yan kabu-kabu ke hawa a hanyoyin karkara kuwa ba su da ita, sai gwanintar hannu da ƙafa.

Saboda haka, wasa wuri ne da za a yi kuskure a koya ba tare da an karye ba. Amma a kan hanya babu maɓallin da ake dannawa a sake tsere.