Hannun da Ke Riƙe Yaro a Aji: Ƙungiyoyin Tallafi da Karatun Yaran Zamfara

Yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Da fashin ranar kasuwa ake farawa, sai fashin mako guda lokacin shuka, sai yunifom ya yage ba a ɗinka wani ba, sai a koro shi sau biyu a kan kuɗin PTA, har a wayi gari malamin aji ya daina kiran sunansa. Yarinya kuwa farantin talla ne ke fara janye ta, da farko bayan an tashi daga makaranta, daga baya tun da hantsi. A gari irin Furfuri ta ƙaramar hukumar Bungudu, wadda ba ta da nisa da Gusau, yara da dama daga cikin waɗanda suka rasa karatu sun taɓa zama a aji. An rubuta sunansu a rajista, sannan suka sulale a hankali ba tare da wani ya bi sawunsu ba.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne. Amma uwar da aka kashe wa miji ta san iyakar wannan kyautar. Littafin rubutu da fensir da takalmi da hijabi da ɗan abin karin kumallo duk daga aljihunta za su fito. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne abin da gida ke rasawa idan yaron ya tafi aji: ribar tallar da ake cefane da ita, wadda kuma ake tara kayan ɗaki da ita, ko kuɗin ƙwadagon da yaro zai samo a gonar wani. Duk mai son riƙe yaro a makaranta dole ya yi wannan lissafin tare da uwar, in ba haka ba wayar da kansa zai tsaya a bakin ƙofa.

A kan wannan tsohon talauci ne tsoro ya zo ya zauna. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta kwana da ke Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, kuma ɗalibai 279 ne aka sako a farkon watan Maris. Ranar 1 ga Satumbar shekarar aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar je-ka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Ranar 22 ga Satumbar 2023 abin ya iso cikin ƙaramar hukumar Bungudu, inda aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau sama da 20, akasarinsu mata, a gidajen da suke haya a Sabon Gida. Uban da ke Furfuri ko Kwatarkwashi ya ji wannan labari, kuma ba wanda zai ga laifinsa idan ya yi shiru ya bar 'yarsa a gida.

Rufe makaranta na watanni ba hutu ba ne ga ɗan talaka. Yarinyar da ta kai aji uku na ƙaramar sakandare aka ce ta zauna gida, kafin a buɗe an kawo kuɗin aurenta. Iyalan da suka baro ƙauyukansu suka sauka a Gusau da Tsafe, wasu a gidajen dangi wasu a kangwaye, sun zo da yaran da ba su da takardar da za ta nuna ajin da suka tsaya, kuma makarantun cikin gari dama a cike suke. Irin waɗannan yara su ne ake gani da kwano a bakin tasha, alhali shekara 2 da suka wuce suna aji huɗu.

Shiri mafi girma da aka yi don wannan matsala shi ne zagaye na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata, wanda aka fi sani da GEP3. Asusun UNICEF ya gudanar da shi da kuɗin gwamnatin Birtaniya daga 2012 zuwa 2022, a jihohin Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato da Zamfara, daga baya aka haɗa da Kano. A ƙarshensa an ce ya shigar da 'yan mata kimanin miliyan 1.5 makaranta. Adadin ba shi ne ya fi burge ni ba, domin shigar da yaro ya fi riƙe shi sauƙi. Abin da na ga ya fi daraja shi ne ƙananan abubuwan da aka gina a kewayen makarantar: kwamitin kula da makaranta da ya haɗa mai unguwa da liman da iyaye, ƙungiyar iyaye mata da ke shiga gida-gida tana tambayar dalilin da ya sa ba a ga wance ba, da ƙungiyoyin 'yan mata da ke jan 'yan'uwansu zuwa aji. Hedimasta namiji ba zai iya shiga cikin gidan wani ba. Dattijuwar unguwa za ta shiga har ɗaka, ta zauna a bakin gado, ta ji ainihin abin da ya hana yarinyar fitowa.

Sai maganar kuɗi, wadda mutane da yawa ke yi wa kallon raini. A ƙarƙashin GEP3 an gwada ba iyaye naira 5,000 duk wata 3 a kan kowace yarinya a jihohin Neja da Sakkwato, kuma yawan 'yan mata a makarantun ya ƙaru. Shirin Educate A Child na ƙasar Qatar ya haɗa hannu da UNICEF a Katsina da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, shi ma da tallafin kuɗi a cikin dabarunsa. Ga masu cewa mace za ta ɓarnatar da kuɗin ko miji ya ƙwace, amsar tana nan a Tsafe. Ƙungiyar Save the Children ta gudanar da shirin tallafin rainon yara a ƙananan hukumomin Tsafe da Anka, inda ake ba mai juna biyu naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har ɗanta ya cika shekara 2. Binciken da aka yi a kan shirin, wanda ya ƙare a 2019, ya nuna matan ne suka riƙa yanke shawara a kan kuɗin, mafi yawansa a abinci ya tafi, kuma tsumburewar yara ta ragu. Wannan shiri na abinci ne, ba na makaranta ba, amma ya tabbatar da abin da ya shafe mu: kuɗi kaɗan da ke zuwa a kan lokaci, a hannun uwa, yana isa inda aka nufa.

Akwai kuma abin da iyaye ke faɗi wanda bai kamata a kau da kai daga gare shi ba, wato yaro ya yi shekara 4 a boko bai iya rubuta sunansa ba, alhali ɗan makarantar allo ya yi nisa a izu. Wannan ƙorafi gaskiya ne. Shirin RANA, wanda ƙungiyar FHI 360 ta gudanar a Katsina da Zamfara, ya tunkari wannan ta hanyar koyar da karatu da lissafi da harshen Hausa a azuzuwan farko, a makarantun gwamnati da makarantun Alƙur'ani da aka haɗa musu darussan zamani. Ranar da yarinya ta karanta wa ubanta saƙon da aka turo masa a waya, ko ta duba masa takardar asibiti, ranar ce makaranta ta kare kanta a gidan. Ba wani gangami da zai yi wannan aikin.

Malama mace ita ce ɗaya ginshiƙin. GEP3 ya ɗauki nauyin karatun 'yan matan karkara a kwalejojin ilimi da sharaɗin su koma garuruwansu su koyar, kuma Zamfara tana da abin dogaro a nan, tunda Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau ta mata ce zalla. A Zariya, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da aka kafa a 2007 da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello ta bi wata hanya mai kama da wannan: a tara 'yan mata kaɗan a gidan da iyaye suka aminta da shi, ƙarƙashin mace mai ilimi, a ƙarfafa musu karatu da lissafi, a taimaka da kuɗin makaranta, bayan an zauna da malamai da masu gari an samu yardarsu.

Wanda ya san tarihin ƙasar nan ba zai ga wannan a matsayin baƙon abu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen shekarun 1780, kuma a lokacin ne wani malami, Mustafa Gwani, ya soki yadda mata ke halartar majalisin Shehu. Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya mayar da martani, kamar yadda ya kawo a littafinsa Tazyinul Waraƙat, inda ya nuna barin mata cikin jahilci shi ne abin da ya fi muni. Bayan haka Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda matan da ake kira jajoji suke ɗaukar karatu daga wurinta suna kai wa matan ƙauyuka. 'Yandoto ta ƙasar Tsafe kuwa ta yi suna da malamai tun kafin jihadi. Mace amintacciya da ke kai ilimi har cikin gida tsarinmu ne, ƙungiyoyin waje sun zo ne suka tarar da shi ya yi rauni suka sa masa kuɗi.

Matsalar ita ce kuɗin nasu yana da ranar ƙarewa, karatun yaro kuwa shekara 12 ne. GEP3 ya rufe a 2022. Birtaniya ta rage kason da take ba da agaji daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigarta a 2021, Amurka kuma ta rushe hukumarta ta USAID a 2025. Yarinyar da aka shigar aji ɗaya a 2019 ba ta gama firamare ba motocin shirin suka daina zuwa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwambar 2023, gwamnatinsa ta biya bashin WAEC da NECO da ya sa aka riƙe sakamakon ɗaliban jihar, kuma Zamfara ta shiga shirin ilimin 'yan mata na Bankin Duniya mai suna AGILE a cikin jihohi 11 da aka ƙara a 2023. Waɗannan matakai ne na kirki. Sai dai AGILE bashi ne da za a biya, shi ma yana da wa'adi, kuma sabon gini da fenti ba ya zuwa gida ya tambayi dalilin da ya sa yaro bai zo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yara maza, domin yawancin waɗannan shirye-shirye 'ya'ya mata suka fuskanta. Yaro ɗan shekara 13 da ya bar aji a Zamfara ba zaman gida yake yi ba. Ramin haƙar zinare na jiransa, a jihar da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo ta shafe shekaru tana jinya. Ga acaba, ga ci-rani, ga kuma daji, inda ake ba yaro babur da bindiga ya ga ya zama wani. 'Ya'yan makiyaya sun fi kowa zama a gefe. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, amma rugage da yawa sun tashi yara ba boko ba allo, kuma yau kowa a jihar nan yana ɗanɗanar sakamakon haka. Shirin da ya riƙe yarinya ya saki yayanta ya yi rabin aiki ne.

Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi tun zamanin da aka ƙaddamar da shari'a a mulkin Ahmad Sani Yarima, kuma an san ta da taimakon marayu, musamman kayan sallah da hatsi a watan azumi. Wannan alheri ne, amma maraya yana buƙatar wanda zai tsaya masa a farkon kowane zangon karatu fiye da yadda yake buƙatar shadda sau ɗaya a shekara. Shago guda a kasuwar Gusau da aka yi waƙafinsa ga makarantar firamaren wani gari, kuɗin hayarsa zai sayi yunifom da littattafan marayun makarantar muddin shagon na tsaye, ba sai an jira majalisar wata ƙasa ta amince ba. Ƙungiyoyin ci gaban gari, da na tsofaffin ɗalibai, da rassan ƙungiyar mata musulmi ta FOMWAN, da 'yan kasuwar da suka fito daga Furfuri da Bungudu da Tsafe suka yi arziki a Kano da Abuja, duk suna iya wannan.

Wurin da ya kamata su fara ma a fili yake. Tsakanin aji shida na firamare da ajin farko na ƙaramar sakandare ne yara da yawa suke zubewa, saboda makarantar ta yi nisa, ana buƙatar sabon yunifom da kuɗin mota, hanyar kuma ba kowa ke yarda 'yarsa ta bi ta ba. Hedimastan firamare yana da sunayen waɗanda suka gama a watan Yuli, shugaban sakandare yana da sunayen waɗanda suka zo a Satumba. Idan kwamitin makaranta ya ajiye takardun biyu gefe da gefe, sunayen da suka ɓace za su fito, kowanne da sunan uba da unguwa, kuma a gari kamar Furfuri babu gidan da mai unguwa bai san ƙofarsa ba.